Jan Salatef a Firjin Inna Delu

Misbahu mutumin kirki ne, duk Tarauni ba wanda zai yi musun wannan, sai dai yana da wata 'yar lalura da ba ta kai a je asibiti ba: in ya yi alheri yana so alherin ya yi ƙara. Ba gori yake yi ba, ya fi ƙarfin gori. Shi dai a ce yana zaune a majalisarsu ta bakin kasuwa bayan la'asar, wani ya ɗauko zancen abin da ya yi, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce ai ba wani abu ba ne, alhali ransa fari ƙal kamar an ba shi kujerar Makka.

To, a shekarar da likita ya mayar da surukarsa Inna Delu kan allurar ciwon suga, sai dama ta samu. Matarsa Hafsah, wadda ke aikin jinya a asibitin koyarwa, ta dawo gida a damu. Ta ce maganin nan ba ya jure zafi, dole sai wuri mai sanyi, gidan Inna kuwa a Gyadi-Gyadi sai a wuni a kwana ba a ga ƙyallin wuta ba. Tsohon firjin gidan ya mutu tun kafin mai gidan ya rasu, ya zama ma'ajiyar kwanuka, yanzu a gindin randa Inna take jingine kwalaben. Misbahu ya saurara da kyau. Mako bai zagayo ba sai ga a-kori-kura a ƙofar gidan Inna, ɗauke da firji sabo dal a kwalinsa, da faifan sola, da batir, don kada ma a sake zancen an kawo wuta ko an ɗauke.

Sai an san Inna Delu kafin a gane abin da ya biyo baya. Tana cikin ragowar tsofaffin da ba su saki kunya irin ta mutanen da ba. Duk shekarun auren nan, har ɗansu Hamza ya shiga sakandare, Misbahu bai taɓa tsallake dokin ƙofar ɗakinta ba, fuskarta ma bai taɓa yi mata kallon tsaf ba sai a hoton biki. In ya zo gaisuwa sai ya tuɓe takalmi tun daga soro, ya tsuguna gefen labule, ya ce an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki, ita kuma ta amsa daga can ƙuryar ɗaki a gajarce. Sunansa ba ya fita daga bakinta, sai dai ta ce mutumin Tarauni. Hafsah ma ba ta tsira ba, don ita ce 'yar fari. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta zaman hira da ita, in ta shigo sai tsohuwar ta tsiri tsintar shinkafa. Duk abin da za a faɗa wa Inna, da wanda Inna za ta faɗa, ta bakin Naja'atu yake bi, autarta da ke aure a Darmanawa, wadda ita kam ba ta jin kunyar kowa.

Ranar da aka kawo firjin a tsakar gida aka fara gwada shi, tunda mai kyautar ba zai shiga ɗaki ba. Masu sola suna kan rufi suna ɗaure-ɗaurensu, maƙwabta sun leƙo, Inna tana bayan labule. Misbahu ya naɗe hannun riga ya buɗe ƙofar, ya kai hannu ga ɗan maɓallin nan mai lambobi da ake murɗawa a ƙara sanyi ko a rage, ya murɗa shi har ya tsaya. Bai yi wani tunani ba, hannu ne ya yi abin da ya saba. Duk wanda ya yi zama da wutar Kano ya san dabarar: in an kawo, ka ƙure firji ya kwashi sanyin da zai iya kafin a ɗauke. A gidansa haka ake yi, a gidan ubansa ma haka ya tarar. Kuma, tsakani da Allah, yana so ruwan da aka sa a ciki ya yi sanyi tun maƙwabta ba su watse ba.

Daga nan ya je mota ya ɗauko jan salatef ɗin da yake ɗaure wayoyi da shi, ya liƙe maɓallin a giciye, wai saboda jikoki masu ƙaiƙayin hannu. Ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan labule, ya yi kamar da Naja'atu yake.

"Kin ga nan? Kada kowa ya taɓa. Yadda na sa shi haka ake so, in aka taɓa lalacewa zai yi."

Naja'atu ta ce an ji, ranka ya daɗe injiniya. Daga ɗaki aka ce a gaya wa mutumin Tarauni Allah ya yi albarka, Allah ya jiƙan mahaifa. Masu sola suka cicciɓi firjin suka shigar, shi kuma ya koma gida ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa.

Yabo kuwa har majalisa ya biyo shi. Azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, lokacin da ƙanƙara ta fi nama daraja a garin nan, sai ga labari cewa duk layin su Inna daga ɗakinta ake shan ruwa. Tun la'asar mata ke aiko da kwanuka, ba wadda kwanonta yake komawa wayam. Wani ɗan majalisar mai 'yar'uwa a Gyadi-Gyadi ne ya kawo zancen, ya ce Inna Delu ba ta da magana sai ta firjin surukinta, wai ba irin na mutane ba ne. Misbahu ya sunkuyar da kai ya ce ai ba wani abu ba ne. Bai tambayi kansa yadda ɗan akwatin ƙanƙara na sama, wanda bai fi cin 'yan ledojin ruwa ba, yake shayar da layi guda ba. Wanda ake yaba wa ba ya son tambayoyi.

Bayan sallah Inna ta fara ramewa. Ƙishirwa ba ta sakinta, ga yawan zagayawa, ga ido yana hazo. Duk awon da Hafsah ta yi mata sai na'urar ta nuna lamba mai tayar da hankali. Likita ya ƙara yawan allurar, ba ta sauya zani ba. Hafsah ta sa Naja'atu ta tambaya ko ana yin allurar a kan lokaci, aka ce ana yi. Ana sa ta a firji? Ana sawa. In Hafsah ta nemi ganin kwalbar, Inna ce da kanta take shiga, ta ɗan jima, ta fito da ita dunƙule a tafin hannu, ta ajiye a bakin tabarma ta kau da kai. Sai kuma aka lura da wani sabon abu. Inna ta fara kulle firjin, makullin yana ƙulle a haɓar zaninta, ko Naja'atu ba ta ba.

Wata safiya suna karyawa Hafsah ta ce, cikin lallaɓawa, ko dai a duba firjin nan, kada a ce daga wurin ajiyar ne. Misbahu ya dire kofin shayi. Ya ji maganar kamar an taka masa sabon takalmi. Ya ce firjin da duk Gyadi-Gyadi ke shan ƙanƙararsa? Firjin da shi ya saita da hannunsa? Ya ce ta bar kame-kame, ruwa ba ya tsami banza, tsohuwar da ta fara kulle firji akwai abin da take ɓoyewa a ciki. Shi ya san tsofaffi da zaƙi, kakarsa har ta bar duniya da alewa a ƙarƙashin matashi.

"Ba na son faɗa ne don uwa ce," in ji shi, "amma ku bincika. Ko lemon kwalba, ko dabino, ko zuma. Magani ba ya aiki in mai shi yana warware shi a ɓoye."

Hafsah ta tattara kofuna. Maganar dai ta isa kunnen Naja'atu, ita kuwa zance ba ya kwana a cikinta. Ta je ta tsare Inna da faɗa, har da kuka, wai so take ta mayar da su marayu gaba da baya saboda kwaɗayi. Ta ce har Yaya Misbahu ya gane. Inna ba ta musa ba. Ta dubi ƙasa ta ce to, za ta daina. Da labarin ya dawo wa Misbahu sai ya gyaɗa kai ya ce ai ya faɗa.

Ba a daɗe ba, wata Asabar da hantsi, maƙwabciyar Inna, Hajiya Hasana, ta same ta zaune a gindin randa ba ta gane mutane. Aka sa ta a adaidaita sai asibiti. Aka ba ta gado, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi mata allura daga ta asibiti, kafin la'asar suga ya fara sauka kamar ba shi ne ya yi watanni yana gardama ba. Likitan ya ce abin da ɗaure kai, yana so a kawo masa ainihin maganin da take amfani da shi a gida. Hafsah ba za ta bar gefen gadon ba, Naja'atu kuwa ciki ya tsufa, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Misbahu yana tsaye a baranda tun azahar, inda ya dace da suruki, sai ga Naja'atu ta fito da ɗan makulli a hannu. Ta ce Inna na barci ta lallaɓa ta kwance shi daga haɓar zani.

"Yaya Misbahu, ka ɗauko allurar. Kuma don Allah duk abin da ka gani na zaƙi ka kwaso, a nuna wa likita a gabanta, ko ta ji kunya ta daina."

Ya karɓa ya ce ba komai. Har ya tsaya wurin mai shago ya karɓi baƙar leda, a hanya kuma yana ta tsara yadda zai shigo da ita cike ba tare da ya nuna ai shi ya fara faɗa ba.

Bai yi niyyar shiga ɗakin ba. Ya yi sallama da Hajiya Hasana ya miƙa mata makullin, ya tsaya a inda ya saba tsugunawa. Ta dubi makullin, ta dube shi, kamar za ta ce wani abu sai ta fasa ta shiga. Ya ji ƙofar firjin ta buɗe da wani ƙaras, ya ji ana ja ana nishi. Can ta ɗaga labule ta ce sai dai ya shigo da kansa, abin ya kama, ita kuma hannunta ba ƙarfi. Ya ce shi? Ta ce to wa? Mai ɗakin tana asibiti, lalura ce.

Ya yi sallama ga ɗakin da mai shi ba ta nan, ya shiga kansa a ƙasa. Ƙanshin turaren wuta da na man zafi suka tare shi. Ya yi ƙoƙari kada ya kalli gadon, kada ya kalli kayan da ke rataye, ya nufi firjin kai tsaye ya tsuguna.

Ba lemo, ba dabino, ba zuma. Abin da ya fara gani safa ce, safar sanyi irin ta maza, an jera su a inda ake jera ƙwai. Ya ɗauki ɗaya ya ji nauyi, ya zazzage, sai ƙwai ya faɗo a tafinsa, a tsage, da tauri kamar goruba. Tumatir an naɗe shi a tsohon ɗankwali, attaruhu an cusa shi a hannun rigar sanyi, duk sun daskare duk da suturar. Wani ɗaurin alayyahu ya yi baƙi ya kwanta. Bangon baya ya yi fari fat da ƙanƙara tun daga sama har ƙasa. A hawa na tsakiya ga wata 'yar kular abinci ta manne, ita ce Hajiya Hasana ta kasa ɓamɓarewa. Ya ja da ƙarfi ta taso. A ciki hular sanyi ce ta saƙa, kuma ya gane ta, ta marigayi surukinsa ce, da ita yake fita masallaci. A cikin hular kwalaben allura ne. Ya ɗaga ɗaya saitin taga ya karkata ta, ruwan ciki bai motsa ba.

Ya san abin da hakan ke nufi, don ya sha ji a bakin Hafsah tana gargaɗin masu ciwon: allurar nan in ta daskare ta mutu, ko ta narke ba ta da sauran amfani. Watanni ke nan Inna tana soka wa kanta abin da bai fi ruwa ba.

Amma laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Wanda ya fara zuwa bakin Misbahu shi ne mai shagon da ya sayar masa da firjin. Ya ce an cuce shi, an ba shi mai matsala, kuma sai an karɓi abinsu. Ya shiga bincike kamar mai shirin kai ƙara. Ya bi robar bakin ƙofa da yatsa ko ta saki tana shan iska, ya tarar lafiya lau take, tana kamawa gam. Ya duba ko kaya ne suka toshe inda sanyi ke fitowa, ko an matsa su jikin bangon baya, sai ya ga Inna ta riga ta janyo komai gaba-gaba, kusa da ƙofa, iya nisan da za ta iya. Ya janyo firjin daga jikin bango ya leƙa baya, ya shafa, ya kasa kunne. Injin yana ta gurnani ba hutu. Ya tambayi Hajiya Hasana ko yakan ɗan tsaya, ta ce ita dai tun da aka kawo shi ba ta taɓa jin ya yi shiru ba, ai shi ba a ɗauke masa wuta.

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya dawo gaba a hankali ya sake tsugunawa, ya ɗaga kai ya dubi saman cikin firjin, inda tun ɗazu idonsa yake kewayewa. Ƙanƙara ta rufe wurin, ya kankare da farce. Ga jan salatef nan a giciye yadda ya liƙa shi, ko gefensa ba a ɗaga ba. A ƙarƙashinsa maɓallin yana kan lambar ƙarshe. Dabarar wutar da ke zuwa ta gudu ce ya yi wa firjin da rana ke ciyarwa kullum, in ta faɗi batir ya karɓa.

Hajiya Hasana ta zauna a bakin gado, ta ce tunda ya gani da idonsa ita ta fita daga alkawari. Ta ce tun makon farko abin ya fara. Ta ce wa Delu ta faɗa, Delu ta ce da wane baki? Mutum ya kawo maka abin arziki har gida, tukuicinsa shi ne ka aika masa cewa abinsa ya yi kaza? Ta ce to ta mayar da maganin gindin randa kamar da, Delu ta ce saboda maganin aka sayo firjin, in ta fitar ai ta mayar masa da kyautarsa ke nan. Shi ne ta shiga yi wa kaya sutura, ko sanyin zai ji tausayinsu. Kullum da safe sai ta sa kwalbar a hammata ta narke kafin ta yi allurar. Ruwan da ya daskare kuma ta rabar, a yi ta sa masa albarka. Kullewar ma don kada Naja'atu ta gani ta kai Tarauni ne.

"Da aka ce kai ka ce tana shan zaƙi a ɓoye," in ji Hajiya Hasana, "a nan ta zauna ta yi hawaye. Rabon Delu da suga tun mijinta yana da rai. Na ce to yanzu kam sai ki faɗa. Ta ce gara a ce mata makwaɗaiciya da a ce surukinta ya ji kunya a gabanta."

Kunya ta rufe Misbahu, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo. Ga sanyin firji yana bugun fuskarsa, ga gumi yana bin bayansa. Ya tuna kofin shayin da ya dire, da kakarsa mai alewa, da baƙar ledar da ke aljihunsa ta kwasar shaida, ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɓamɓare salatef ɗin, ya murɗo maɓallin baya zuwa wajen tsakiya, bai ma san ko daidai ne ba. Wani abu ya yi ƙas a ciki, injin ya yi shiru, ɗakin ya yi tsit. Hajiya Hasana ta ce ikon Allah, ashe yana hutawa.

A hanyar komawa, cikin cunkoson adaidaita, Shaiɗan ya zauna a kujerar mai zaman banza ya ba shi shawara mai daɗi. Ya ce kawai ya je ya ce wata na'ura ce ta lalace a ciki, laifin masu ƙerawa ne, kuma an gyara. Magani dai za a sauya, Inna za ta warke, wa ya rasa me? Hajiya Hasana ba za ta tona ba, Inna kuwa ko da wuƙa a wuya. Misbahu har ya fara haddace yadda zai jera maganar. Sai ya lura cewa duk dabarar a kan abu ɗaya ta tsaya, wato tsohuwar nan ta ci gaba da rufa masa asiri daga kan gadon asibiti, ya ji kunyar ta dawo sabuwa, har ta fi ta ɗazu.

Ya tarar an ja labulen gadon, Hafsah da Naja'atu suna ciki. Inna ta farka, da ta ji sallamarsa sai ta juya ga bango ta ja mayafi ta rufe kai. Naja'atu ta miƙo hannu tana tambayar me ya samo. Ya miƙa wa Hafsah hular. Ta gane hular ubanta, ta buɗe, ta ɗaga kwalba ga haske, ga sauran ƙanƙara tana yawo a ciki. Ta dube shi. Ba ta ce ai na faɗa ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Bai koma baranda ba. Ya tuɓe takalmi a nan, ya tsuguna a gefen gadon, masu jinyar gadajen kusa suna leƙe, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya yi wa surukarsa magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Inna, laifina ne. Firjin lafiyarsa ƙalau. Ni na ƙure shi na liƙe, na ce kada a taɓa, shi ya kashe maganin. Kuma ni na ce ana shan zaƙi a ɓoye, alhali ba a sha. A yafe mini."

Naja'atu ta toshe baki da hannu, ta lalubi kujera ta zauna, hawaye ya zubo mata, don ita ma ta san nata. Inna ba ta juyo ba. Can murya ta fito daga cikin mayafi, ƙasa-ƙasa, kuma ba da shi take ba.

"Auta, wa ya ce a bar shi ya shiga ɗakina ko shara ba a yi ba?"

Naja'atu ta ce ita ce, tana share hanci. Inna ta ce ba ta kyauta ba. Ta ce a gaya wa mutumin Tarauni ya tashi, ƙasan asibiti ba wurin tsuguno ba ne, kuma ba abin yafewa, wanda ya kawo alheri ba ya zama mai laifi. Misbahu bai tashi ba. Sai ta sake magana.

"Tambaye shi, an cire abin da aka liƙa ɗin?"

Naja'atu ta dube shi. Ya gyaɗa kai, ta ce an cire.

"Yanzu an yarda a taɓa?"

Ya ce an yarda, da wata muryar da bai san tasa ba ce.

"To a mayar da shi kan uku," in ji Inna. "Irin na marigayi ne, a uku ake barinsa. Tun ranar da aka shigo da shi na gani."

Misbahu ya ce to, Inna. Ya shiga laluben takalmansa ya kasa ganinsu, alhali suna gabansa.